Mabuɗin Ɗakinka a Aljihun Wani

Jawabi a kan asusun intanet na mutanen da ba su da imel, wanda aka gabatar wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Tudun Wada, Zariya



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba mu ɗan lokaci mu tofa albarkacin bakinmu. Batun da aka ɗora mana, in mutum ya ji shi da farko, sai ya ce ai wannan maganar masana kwamfuta ce, me ya kawo ta gaban jama'a? Watau batun yadda hukuma ko banki ko makaranta za su buɗe wa mutum asusu a shafinsu na intanet, su kuma kula masa da shi, alhali kuwa mutumin nan ba shi da adireshin imel. To, muna fata kafin mu zauna za ku yarda da mu cewa magana ce ta haƙƙi da amana. Ta irin wannan asusu ne yau ake neman gurbin karatu, ake neman aiki, ake karɓar albashi da fansho, ake biyan kuɗin makaranta da na wuta. Wanda duk aka rufe wa wannan ƙofa, an rufe masa ƙofofi da yawa a bayanta. Mu kuwa da muke zaune a nan, waɗansunmu su ne gobe za su zauna bayan kantar ofis, waɗansu kuma su ne za su rubuta manhajojin da ofisoshin ke aiki da su. Saboda haka abin a wuyanmu yake.

Yadda imel ya zama mabuɗi

Bari mu fara da asali. A shekarar 1971 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar nan ta @ domin ta raba sunan mutum da sunan na'urar da yake kanta. Shekaru da dama abin ya tsaya a jami'o'i da ma'aikatun bincike. Sai a 1996 da Hotmail ya fito, Yahoo ya biyo baya a 1997, Gmail kuma a 2004, imel ya zama kyauta ga duk wanda ya sami kwamfuta da layin intanet. A Amurka da Turai, a daidai lokacin da ake gina shagunan intanet da shafukan hukuma na farko, kusan duk mai shiga intanet yana da imel.

Masu rubuta manhaja suka ga abin ya yi musu daɗi, kuma suna da dalili. Adireshin imel ba ya zama na mutum biyu a duniya, saboda haka ya isa ya bambanta wannan Musa da wancan Musa. Aika saƙo ta imel ba ya cin ko kwabo. In mutum ya manta kalmar sirrinsa, sai a aika masa hanyar sake wata ta imel ɗin nan, ba sai wani ma'aikaci ya tashi daga kujerarsa ba. Da haka adireshi guda ya ɗauki aiki uku: shi ne sunan mutum a rajista, shi ne hanyar aika masa labari, shi ne kuma mabuɗin ajiya in na hannu ya ɓace. Aka gina wannan tsari cikin kayan aikin da masu manhaja ke ɗauka su ɗora nasu gini a kai, har ya zama yaron da ya koyi sana'ar a Samaru ko a Kongo yana sa gurbin imel a fom ɗinsa, ya kuma yi masa jan tauraro na dole, ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa ko su wa za su cike fom ɗin ba.

Mu kuwa ba ta wannan hanya muka shigo ba. Kafin watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, layukan tarho na Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. Yau layukan salula masu aiki sun haura miliyan 150. Watau jama'armu sun tsallake zamanin kwamfutar tebur baki ɗaya, suka faɗa zamanin waya. Mai shayi da mai faci da tsohuwa mai ƙosai duk suna da lamba, kuma da yawa sun haddace ta. Imel kuwa sai wanda makaranta ko aikin ofis ya tilasta wa.

Tudun Wada da tarihin adireshi

Wannan unguwa da muke cikinta ta san matsalar adireshi tun kafin a haifi kwamfuta. A zamanin Turawa aka kafa Tudun Wada a wajen ganuwa, tsakanin Birni da Sabon Gari, domin 'yan Arewa baƙi da suka zo neman aiki da ilmi da kasuwanci. Unguwa ce ta mutanen da suka baro gida, mutumin da ya baro gida kuwa yana bukatar wasiƙa. A nan kusa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta koya wa jama'a ɗanɗanon karatun boko da harshensu. A Kongo kuma aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Akawunan da suka riƙe littattafan En'e a ko'ina cikin Jihar Arewa, da yawansu nan suka koyi riƙon alƙalami.

Iyayenmu suna tuna yadda ake yi a lokacin. Wanda bai iya rubutu ba sai ya je wurin marubucin wasiƙa a bakin gidan waya, ya faɗa a rubuta, ya biya, a manna kan sarki. Wanda ba shi da akwatin gidan waya sai a rubuto masa ta hannun hedimasta, ko ta hannun mai unguwa, ko wani ɗan kasuwa sananne. Tsarin yana da aibinsa, gama asirin mutum yana bi ta idon wani. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, kowa ya san wasiƙar ta wane ce, domin sunansa na bisa ambulan, wanda aka bi ta hannunsa ɗan aike ne kawai. Na biyu, En'e ba ta taɓa ƙin karɓar harajin mutum, ko asibiti ya ƙi yanka masa kati, don ba shi da akwatin gidan waya ba. Akawu yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa da unguwarsa, ya ba shi lamba, in bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Abin da akawun jiya ya iya yi da littafi da tawada, bai kamata a ce ya gagari na yau da ke da kwamfuta a gabansa ba.

Abin da ke faruwa a bayan kanta

To, yau me ke faruwa in fom ya ce dole sai da imel? Mutum ba ya komawa gida ya haƙura, domin bukata ce ta kawo shi. Sai ya nufi shagon intanet, irin waɗanda suka cika hanyar Kongo da kewayen kasuwa. Mai shago kuwa layi ne a gabansa, kuma ba shi da lokacin koyarwa. Ɗaya daga cikin abu uku zai yi. Ko dai ya buɗe sabon imel nan take da sunan mutumin, ya ƙaga kalmar sirri, ya rubuta a bayan rasit ko ma ya manta bai rubuta ba. Ko ya sa imel ɗin shagonsa, wanda ya riga ya sa wa mutum ɗari. Ko kuwa ya ƙirƙiri adireshin da babu shi a duniya don dai fom ya wuce. Mai bukata ya biya, ya karɓi takardarsa, ya tafi yana murna an gama.

Ba mu ce masu shagunan nan macuta ne ba. Akasarinsu matasa ne 'yan'uwanmu masu neman halali, kuma ba don su ba da dubban mutane ba su yi rajistar komai ba. Amma ku dubi inda aka kwana. Tun da imel shi ne mabuɗin ajiya, duk wanda ke riƙe da imel shi ne mai asusu na haƙiƙa. Bayan wata shida, sa'ad da labarin gurbin karatu ko kiran ganawa ya fito, can zai tafi inda mai shi ba ya gani. In ya manta kalmar sirri, hanyar gyara za ta tafi akwatin da ba shi da mabuɗinsa. Ya koma shago, ya tarar yaron da ya yi masa rajista ya bar aiki, ko shagon ya koma na sayar da atamfa. In kuwa aka yi rashin sa'a aka faɗa hannun mara tsoron Allah, sai ya ce a kawo kuɗi kafin ya saki asusun. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai ma wani nau'in da ya fi wannan yawa. Babbar waya mai tsarin Android ba ta barin a sauko da manhaja daga rumbun Google sai da asusun Google, saboda haka mai sayar da waya ko mai gyara yakan buɗe wa mai saye Gmail a tsaye. Mutum yana yawo da imel a aljihunsa shekara da shekaru bai san sunansa ba, balle kalmar sirrinsa. Ranar da waya ta faɗi ko aka sace, shi ke nan. Don haka in muka ce marasa imel, muna nufin har da waɗannan.

Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta ɗanɗani wannan matsala, kuma labarinta abin nazari ne. An kafa ta a 1978, ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. A 2021, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta cire imel daga sharuɗɗan rajista saboda yadda ake amfani da shi ana damfarar ɗalibai, ta dogara ga lambar waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ɗalibi ya aika lambarsa ta NIN ta gajeren saƙo zuwa 55019, a mayar masa da lambar da zai yi rajista da ita. Sai kuma a 2023 hukumar ta dawo da sharaɗin imel. Wannan kai da komowa ya nuna mana cewa babu hanya ɗaya da ta isa ita kaɗai. Haka kuma sa'ad da aka buɗe rajistar N-Power a 2016, da ta asusun ba da lamuni ga ɗalibai na NELFUND a 2024, duk ta shafin intanet aka bi, kuma imel na cikin abin da ake tambaya.

Waɗanda suka bi ta waya

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan ba. A ƙasar Kenya, kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a 2007, inda lambar wayar mutum ita ce asusunsa, ƙaramar waya kuma ta isa a aika kuɗi a karɓa. A Indiya an fara ba da lambar Aadhaar mai alƙaluma 12 a 2010, an jingina ta ga zanen yatsa da ƙwayar ido. Manhajar WhatsApp, wadda ta mamaye garin nan, ba ta neman komai wajen rajista sai lambar waya, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa tsofaffinmu suka karɓe ta ba wuya.

A gida ma an yi. A 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona, an raba wa manoma takin gwamnati da iri ta hanyar saƙon waya. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya kasa asusun banki hawa uku, ya sauƙaƙa sharuɗɗan hawan farko domin talaka ya iya buɗewa da suna da hoto da adireshin gida da lambar waya. A 2014 aka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ke haɗe da zanen yatsa. Yau mai ƙaramar waya zai danna *565*0# ya ga BVN ɗinsa, ya danna *346# ya ga NIN ɗinsa, ba data, ba imel. Kuma dukanmu mun ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira. Masu tebur da masu nama da 'yan acaɓa suka buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint, a waɗansunsu ma lambar wayar mutum ce lambar asusunsa, in an cire sifirin farko. Cikin 'yan makonni mutanen da ake cewa ba za su iya ba suka iya. Ashe da ma ƙofar ce ta yi musu ƙunci.

Amma waya ma tana da nata

Kada mu yi saurin cewa an sami magani, a cire imel a sa waya a huta. In muka ɗora wa lambar waya aikin nan uku da aka ɗora wa imel, an gudu ne ba a tsira ba.

Da farko, layin waya ba mallakar mutum ba ne har abada. In ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Sabon mai layi sai ya riƙa samun saƙon banki na tsohon mai shi, har da lambar tabbatarwa da ake aikowa. Na biyu, a gidaje da yawa waya ɗaya ce ta mutum biyar. Matar aure tana amfani da ta mijinta, tsoho da ta jikansa, almajiri da ta malaminsa. Manhajar da ta ce lamba ɗaya mutum ɗaya ta kori huɗu daga cikin biyar ɗin nan, kuma galibi mata ne ake kora. Na uku, satar waya da yaudarar da ake yi a sake yanko layin mutum ba da saninsa ba, duk sanannun abubuwa ne. Na huɗu, layi yana iya ɗaukewa ba da laifin mai shi ba. Tun watan Disamba na 2020 da gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN, an toshe layuka masu ɗimbin yawa kafin a kammala aikin a 2024. A watan Satumba na 2021 kuma an katse sadarwa a Jihar Zamfara da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba a kira ba a saƙo. Duk wanda shigarsa asusu ta rataya ga saƙon waya a wuraren nan, ya zauna a waje ke nan har ranar da aka buɗe.

Abin da muke ganin ya kamata

Shawararmu guda ce, sauran duk rassanta ne: a raba aikin nan uku, kada a sake ɗora su a kan abu ɗaya.

Aiki na farko shi ne shaidar ko wane ne mutum a cikin rajista. Wannan ya zama lamba ce da hukumar ko kamfanin ya ba shi da kansa, wadda ba ta canzawa har abada, kamar lambar katin asibiti ko lambar ɗalibi. A sa ta gajera, a buga masa ita a kati ya tafi da shi. Waya ta canza, imel ya mutu, lambar nan tana nan, tarihin mutum kuma yana rataye da ita.

Aiki na biyu shi ne hanyar isar da labari. Nan a bar wa mutum zaɓi: waya, ko imel, ko duka biyu, ko kuwa ya ce shi zai riƙa zuwa ofis da ƙafarsa. A yarda mutum biyu ko uku su ba da lamba ɗaya, amma a tambaya a rubuta ko lambar tasa ce ko ta wani, domin kada a aika sakamakon gwajin asibiti ko bayanin kuɗi zuwa wayar da ba ta mai shi ba. Wannan ita ce tsohuwar al'adar nan ta rubuto wa mutum ta hannun wani, aka sa mata ƙa'ida. Saƙon kuma a rubuta shi da harshen da mutum ke ji. Tsohon da ke karanta ajami, ko wanda ba ya karatu sam, kiran murya da Hausa ya fi masa amfani bisa dogon saƙon Turanci.

Aiki na uku shi ne mabuɗi, da abin da za a yi in ya ɓace. Nan ne ake gane tsarin da aka yi da tunani. Ga mai ƙaramar waya, lambar sirri gajera ta fi doguwar kalma mai haɗe da alamomi, muddin asusu zai kulle kansa in an yi kuskure sau uku ko biyar. Mai asusu ne zai danna lambar sirrinsa da yatsansa, ma'aikaci ya kau da kai. In ma'aikaci ya ba da ta wucin gadi, to, ta mutu da zarar an shiga da ita sau ɗaya. In mabuɗi ya ɓace kuwa, lalle a sami hanya fiye da ɗaya: saƙo zuwa waya, ko lambobin ajiya da aka buga masa a takarda tun ranar rajista, ko ya zo kanta da katinsa na shaida a dube shi ido da ido. Wannan ta ƙarshe kada a kuskura a soke ta da sunan ci gaba, gama ita ce ta rage wa wanda waya da takarda duk suka ɓace masa. Sai dai kantar ma tana son tsaro, domin ma'aikacin da ke iya sake wa mutum mabuɗi yana iya sace masa asusu. Saboda haka duk canjin lambar waya ko na mabuɗi a rubuta wanda ya yi, da ranar, da dalili. In asusun na kuɗi ne, ma'aikaci na biyu ya sa hannu. A kuma sanar da tsohuwar lamba cewa an yi canji.

Sauran abu biyu. Ɗaya, wakilci. Gaskiya ce ɗa yana yi wa mahaifiyarsa, mai shago yana yi wa abokin cinikinsa. Maimakon mu rufe ido, gara manhaja ta san da wakili, ta ba shi nasa mabuɗin dabam, ta iyakance abin da zai iya taɓawa, mai asusu kuma ya iya sauke shi ran da ya ga dama. Ɗaya kuma, gargaɗi ga 'yan'uwanmu ma'aikata: in gurbin imel ya tsaya muku, kada ku cike shi da na ƙarya, kada kuma ku sa naku. Adireshin da kuka ƙaga yau yana iya zama na wani a wata ƙasa, ku aika masa asirin mutumin Gyallesu. Ku rubuta wa na gaba da ku cewa fom ɗin yana da gyara, ku kuma ƙirga mutum nawa ya tsayar a wata, domin shugaba ya fi jin magana in ta zo da lissafi.

Doka ma tana bayan wannan magana. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ce kada a karɓi bayanin mutum fiye da abin da aikin ke bukata, abin da aka ajiye kuma ya zama daidai, mai shi kuma yana da ikon ya gani ya nemi a gyara. Rumbun da aka cika da adireshin ƙarya bai cika wannan sharaɗi ba, mutumin da mabuɗinsa ke hannun wani kuwa ba shi da hanyar ganin abin da aka rubuta a kansa.

Masu cewa a koya musu kawai

Mun san akwai masu cewa, me zai hana a koya wa mutane buɗe imel a wuce wurin, tun da kyauta ne? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, musamman a kan ɗalibai. Wanda zai shiga jami'a lalle ne ya mallaki imel nasa na kansa, ya buɗe da hannunsa, ya haɗa shi da layin da ke da rajista da sunansa, ya riƙa leƙa shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon ƙungiyoyin ɗalibai su riƙa zagaya makarantun sakandare na Tudun Wada da Birni da ƙauyukan kewaye kafin lokacin rajistar jarrabawa, su zauna da ƙannenmu su nuna musu. Aikin yini ɗaya ne, amfaninsa kuwa na shekaru.

Amma buɗe imel dabam, riƙe shi dabam. Riƙewa yana bukatar babbar waya, da kuɗin data, da caji, da karatun boko, da sabo. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai jiran fansho, da manomin da ya kawo masara kasuwa, da gwauruwar da ke neman kati a asibiti, ba za mu ce su dakata da bukatunsu har sai sun sami waɗannan duka ba. Yaƙi da jahilci da aka yi a Arewa a shekarun 1950 ya koyar da manya masu yawa karatu, amma ba a rufe kotu da baitulmali an ce sai kowa ya sami satifiket ba. Koyarwa tana tafiya, hidima ma tana tafiya.

'Yan'uwa, da kuɗin jama'ar nan aka gina makarantun da muke karatu, da harajinsu ake biyan albashin waɗanda suka fara aiki a cikinmu. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda zai rubuta manhaja, kafin ya sa jan tauraro a wani gurbi, ya ɗauki fom ɗinsa ya shiga kasuwar Tudun Wada ya gwada shi a kan mutum goma na farko da ya tarar. Wanda zai sa hannu a kwangilar manhaja a madadin hukuma, ya tambayi ɗan kwangila tun kafin a biya shi: wanda ba shi da imel yaya zai shiga, in kuma wayarsa ta ɓace yaya zai dawo? Wanda ke bayan kanta kuma ya tabbata mutum bai bar gabansa ba sai da lambarsa a hannu da mabuɗinsa a ka.

Shugaban taro, mun ga lokaci ya ja, kuma mun san akwai masu tambaya da masu gyara, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.  Allah ya ba mu ikon riƙe amanar jama'a, ya sa mu gama lafiya.